Ranar da Na Tarar da Zaman Makokina a Dapaong

Na sha jin ku kuna cewa na'urar Rakiya ce ta raba ni da ƙanena Inuwa. 'Ya'yan Inuwa ma haka suke faɗa a Dapaong, kuma na lura har jikoki sun fara ɗauka. Ni ne aka yi wa zaman makoki ina raye, saboda haka ni ya kamata in faɗi yadda abin ya kasance, tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami.

Kun san da facin taya na fara, a bakin tashar Sokode, da guduma da kwanon ruwa na neman inda iska ke fita. Daga faci na koma sayar da tsofaffin tayu, daga tsofaffi na koma sababbi, har na ƙara da batir da kayan birki na manyan motoci. Da ƙafata ta tsaya sai na jawo Inuwa, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, na koya masa yadda ake duba taya da tafin hannu. Na lura kamiyo, wato manyan motocin kaya, da ke hawa Cinkasse da Burkina sukan isa arewa da tayu a gajiye, ga jiran duwan, wato kwastan, yana ba direba lokacin gyara. Sai na buɗe mangaza, shagon ajiye kaya da sayarwa, a Dapaong na damƙa masa makulli. Ba mu taɓa rubuta takarda a tsakaninmu ba. Ni ne yaya, shi ne ƙane, kuma a gidanmu wannan ya isa.

Shekarar da nake magana a kai ita ce shekarar da yayarku Rakiya ta dawo daga karatun kwamfuta a Lome. Mutanen zango sun yi ta cewa na ɓata kuɗi, wai wa zai auri mace mai kwana gaban ordinater. Ban amsa wa kowa ba. Na ba ta tebur a bayan shago na ce ta nuna mini abin da ta koyo. Ta yi watanni tana rubutu, ta haɗa mana abin da take kira manhaja, ni kuma nake kira na'ura har yau. An sa ɗaya a Sokode, ɗaya a Dapaong, suna magana da juna. Ni ba na sayen abin da ban gane ba, ko taya ce sai na san wace ƙasa ta fito. Don haka na zaunar da ita na ce ta bayyana mini cikinsa.

"Baba, ba komai na ƙera da hannuna ba," ta ce. "Akwai tarin kayan aiki da wasu suka riga suka rubuta, ana ce masa laburare. A cikinsa na ɗauko maɓallan nan. Kowane maɓalli in ka danna shi, sigina yake fitarwa. Sigina shi kaɗai ba ya yin komai, sai in na ɗaura masa aikin da zai amsa."

Na ce ban gane ba.

"In kamiyo ya tsaya a ƙofar shagon nan direba ya danna ham, me ke faruwa?"

Na ce 'yan dako su fito, mai shayi ya ɗora ruwa, ni kuma in gyara hula.

"To ham ɗin bai san ko ɗayanku ba. Ku ne kuka ɗaure kanku da shi. Aikina ke nan: in ce in wannan sigina ya tashi, wannan aiki ya amsa. Kuma sigina ɗaya yana iya tada aiki biyu ko uku, kamar yadda ham ɗaya yake tada ku duka."

Daga nan na gane, kuma na fara ba da oda kamar mai gina gida. Na ce duk lokacin da kaya suka fita daga mangaza, ko ta nan ko ta can, saƙo ya shigo wayata da ta Inuwa. Ta ɗaura. Na ce ranar Sallah gaisuwa ta tafi wa duk wanda sunansa yake ciki, direbobi da masu motoci da abokan ciniki tun daga Blitta har iyaka. Ta ɗaura. Sai muka zo kan maɓallin cire suna, ta tambaye ni yaushe nake cire mutum daga cikin abokan cinikina. Na yi dariya. Na ce mata a sana'armu ba a cire kowa. Wanda ya cuce ka bana zai dawo baɗi da taya a fashe, wanda ya karye zai tashi, wanda ya yi fushi zai huce. Mutuwa kaɗai ke cire suna. Da na faɗi haka sai wani abu da ya daɗe yana damuna ya faɗo mini. Alhaji Bawa na Pagala, mutumin da ya fara ba ni sababbin tayu bisa amana, ya rasu ban ji ba sai bayan sadakar uku, kuma kunyar hakan ba ta bar ni ba. Na ce mata to ta ɗaura wa wannan maɓalli sanarwar rasuwa, ta tafi wa kowa da kowa, don kada wani ya sake rasa jana'izar abokin cinikinsa.

"A bar su maɓalli biyu, Baba. Ɗaya na cirewa, ɗaya na rasuwa. Ko kuma ta riƙa tambayarka kafin ta aika."

"Ba na son na'ura tana yi mini tambayoyi kamar ɗan duwan. Ɗaya ya isa."

Ku riƙe wannan magana. Ta ce biyu, na ce ɗaya. Kuma ikon danna shi ta ba mutum biyu ne kawai, ni da Inuwa. Da ta je Dapaong ta kafa tasu, ta nemi ta yi masa bayani kamar yadda ta yi mini, ya ce ta nuna wa yaran shago, shi yana da baƙi.

Ranar da abin ya faru ranar Laraba ce, a farkon damina. Motata tana gareji, ina kuma da wani mai motoci a Mango da nake son gani ido da ido. Na shiga motar haya da safe. Wayata ta mutu tun kafin mu wuce Kara, don na manta ban yi mata caji ba. A Mango na tarar mutumin ya yi tafiya. Na ce tunda na zo nan, bari in ƙarasa Dapaong in kwana wurin ƙanena, in ci tuwon matarsa Ladi, wanda ya fi na gidana, ko da yake ban taɓa faɗa wa uwarku haka ba. Babu wanda ya san zan je.

Na sauka a tasha bayan la'asar, na taka da ƙafa zuwa zango. Mutum na farko da ya gan ni shi ne Audu mahauci, wanda muka saba wasa da shi shekara da shekaru. Na yi masa sallama na ce yau ma jakin wa ya yanka.  Wuƙar hannunsa ta faɗi kan teburi, ya ja da baya har ya taka kwanon hanji, bakinsa yana motsi babu sauti. Wata mai ƙosai da ke gefensa ta ɗora hannu a ka ta shige wani gida da gudu. Na duba rigata ko wani abu ya zube mini. Na ci gaba da tafiya, ina ganin mutane suna buɗe mini hanya, suna mannewa da bango, babu mai amsa sallamata.

Da na karyo kwanar gidan Inuwa sai na ga tabarmi an shimfiɗa har bakin titi, ga takalma jibge, ga kamiyo biyu na mutanen Cinkasse a tsaye. Daga cikin gida kukan mata yana fitowa. Abin da ya zo mini shi ne Inuwa ya rasu. Na ƙarasa da ƙyar. Sai na hango shi zaune a tsakiyar tabarma, kusa da Malam Yakubu limamin zango, kansa a sunkuye, mutane suna miƙa masa hannu ɗaya bayan ɗaya. Na ji daɗi har na yi hamdala a fili. Na ce, "Wa ya rasu?"

Ban taɓa ganin taron maza ya watse irin na ranar ba. Wasu suka bar takalmansu. Wani tsohon direba ya faɗa cikin kwata. Malam Yakubu kaɗai ya miƙe a hankali yana karanta abin da ya zo bakinsa, ya zo ya kama hannuna ya murza, kamar yadda nake murza taya.

"Alhaji Garba, kai ne?"

"Ni ne, Malam. Wa ya rasu?"

"Kai."

Ya ciro wayarsa ya nuna mini. Ga salati, ga sunana cikakke, ga addu'ar Allah ya ji ƙaina, da kalmomin da ni da kaina na zaɓa wa Rakiya. Na karanta sau biyu. Na zauna a kan tabarmar makokina. Aka ce tun hantsi saƙon ya fita. An kira wayata ba ta shiga. A Sokode an san na kama hanyar arewa, sai kowa ya yanke cewa haɗari ne a gangaren Defale, an tura mutane suna bin asibitocin Kara da Kante suna neman gawa. Uwarku ta suma sau biyu. Kasuwar tayu ta rufe. Mutanen Blitta da Pagala suna kan hanya.

Aka ba ni waya na kira gida. Ba zan rubuta abin da uwarku ta yi da ta ji muryata ba, wannan nata ne. Bayan ita Rakiya ta karɓa. Muryarta a bushe take.

"Baba, ka matsa inda ba mutane."

Na shiga zaure.

"Na san ba ka mutu ba, ko kuma dai na san saƙon ba shaida ba ne. Na gaya wa Inna, ta ce in fita mata daga ɗaki. Saƙon nan ba ya tashi da kansa. Sai an danna cire a kan sunanka. Na'urar Sokode tana gabana tun safe, babu wanda ya taɓa ta."

Ta ci gaba.

"Na kira Baba Inuwa tun da saƙon ya shigo. Na ce ya ga gawa? Ya ce a'a. Na ce shi ya danna? Ya kashe wayar."

Na leƙa ta ƙofar zaure. Inuwa yana nan inda yake, bai tashi ba, bai zo ya rungume ni ba kamar yadda sauran suka fara yi da hankalinsu ya dawo. Sai a lokacin na tuna cewa da na bayyana, shi kaɗai ne bai firgita ba. Ganin sunana cikin sanarwar mutuwa ya girgiza ni, amma wannan ya fi. Mutumin da na goya, na koya wa sana'a, ya wuni a kan tabarma yana karɓar gaisuwar mutuwata, yana jin kukan matarsa da 'ya'yansa, ya san uwarku tana can a sume, alhali ya san ba abin da ya same ni.

Washegari da safe muka zauna mu uku a ɗakin Malam Yakubu. Inuwa bai yi musu ba. Ya ce ya shirya da wani ɗan kasuwar Cinkasse za su buɗe wuri nasu, zai kwashe wasu tayu zuwa can, kuma ba ya son saƙo ya shigo wayata kafin ya sami bakin gaya mini. Ya ga maɓallin cire suna, ya ce bari ya cire ni na yini ɗaya ya mayar. Bai san me aka ɗaura masa ba. Da saƙon ya shigo wayarsa shi ma, kafin ya gama karantawa maƙwabta sun cika ƙofa.

"Yaya, na buɗe baki zan faɗa, sai na ga Malam ya shigo. Na ce bari a rage. Ba a ragu ba. Kowane mutum da ya miƙo mini hannu sai maganar ta ƙara nauyi."

Na ce masa da wurin kansa yake so, da ya tambaya. Shekarunsa sun kai. Da na ba shi tayun, na ƙara masa da batir.

"Kai ba a tambayarka, Yaya. Kai dai kana bayarwa."

Wannan magana ta shige ni, kuma ban ce ƙarya ya yi ba. Malam Yakubu ya gyara zama. Mutumin kirki ne, ya ɗaura auren rabin zango, kuma abin da ya faɗa don gyara ya faɗe shi. Ya ce mutane suna jiran bayani, daga Dapaong har Sokode. Ya ce hanya mafi sauƙi ita ce a ce na'ura ta yi kuskure. Kowa zai yarda, don dama ba a amince da ita ba. 'Yan'uwa su zauna lafiya, kasuwa ta ci gaba, maganar Cinkasse a binne ta a ɗakin nan.

"Yarinya ce, Alhaji. Gobe za ta yi aure ta bar wannan aiki. Wa zai tuna?"

Ni ɗan kasuwa ne, na auna. A hannu ɗaya ga ƙanena, ga mangaza, ga sunan gidanmu. A ɗaya hannun ga 'yata, wadda tun jiya matan Sokode suke cewa ta kashe ubanta da ordinater, kuma masu shaguna biyu da suka nemi ta yi musu irin tawa sun aiko cewa sun fasa. Ina cikin aunawa aka yi sallama. Rakiya ce, ta biyo motar asuba, idanunta jajur. Ta durƙusa ta gaida Malam, ta gaida ni, ta gaida Inuwa kamar kullum. Malam ya maimaita mata shawarar cikin taushi.

"Baba, in ka ce in ɗauka, zan ɗauka," ta ce, tana kallon tabarma. "Ba zan ƙaryata ka a gaban mutane ba. Amma a ɗakin nan ina so a sani: abin da aka ɗaura shi ya amsa. Ba ta yi kuskure ba."

Da ta yi gardama, wataƙila da na lallashe ta. Yardar da ta yi ce ta hana ni. Na ga yadda za ta ɗauka ɗin, ta rufe ordinater, ta shiga ɗaki, shekara ashirin ana nuna ta da baki, kuma duk lokacin da na zauna cin abinci da Inuwa mu biyu mun san wa ya biya mana.

Bayan azahar na tsaya a ƙofar masallaci, mutanen nesa ba su gama komawa ba. Na gode musu da zuwa, na ce yanzu na san waɗanda za su ɗauki makarata, kuma na ga waɗanda za su gudu su bar takalmi. Aka yi dariya. Sannan na ce na'urar ba ta lalace ba, 'yata ba ta yi kuskure ba. Ni na sa a ɗaura sanarwar rasuwa a kan cire suna, ita ta ba ni shawarar a raba su na ƙi. Jiya kuma an danna cire a kan sunana, ba a Sokode ba. Ban ambaci kowa ba. Ba a buƙata. Dariyar ta tsaya, Inuwa ya ɗauki takalminsa ya bi ta bayan masallaci.

Ga abin da ya ci mini. Na bar masa mangazar Dapaong da duk abin da ke cikinta, bai ce na gode ba, ban jira ya ce ba. Ɗan kasuwar Cinkasse ya janye da ya ji labari, direbobi da yawa suka daina tsayawa wurinsa, kuma ya ɗora mini wannan har ƙarshe. Bai zo auren Rakiya ba, bai zo na ko ɗayanku ba. Gwaggonku Hajara ta rasu tana cewa na tona asirin ɗan uwana saboda 'ya mace. Tuwon Ladi ban sake ci ba. Ba na ce muku bai yi mini ciwo ba, kuma ba na ce muku da an dawo da ranar zan sake shawara ba.

Rakiya ta gyara na'urar a makon. Ta raba maɓallan biyu, ta sa tambaya kafin sanarwa ta fita, wannan karon ban yi gardama ba. Da ta zo kan sunan Inuwa ta ɗago ta dube ni. Na ce ta bar shi, ai ta san abin da ke cire suna a wurina. Saboda haka duk Sallah, ƙarama da babba, gaisuwa tana tafiya wayarsa da sunana a ƙasa. Bai taɓa amsawa ba.

Bara, da hantsi, babban ɗansa Nasiru ya kira ni. Ya ce babansu ya cika, za a yi jana'iza bayan la'asar, in ina iya kamo hanya. Sannan ya ce duk Sallah, kafin a tafi idi, sai babansu ya miƙa masa waya ya ce ya duba ko gaisuwar Sokode ta shigo.

Yaran shago suka ce su yi mini sanarwar, na ce su matsa. Na zauna a teburin nan na bayan shago, na sa tabarau, na nemo sunansa. Na'urar ta tambaye ni ko ya rasu ne. Na daɗe ina kallon tambayar kafin na danna e. Wayata ta yi ƙara a aljihu, ban ciro ta ba. Na ce wa direba ya tada mota, mu kama hanyar Dapaong.